Shiga Sharo Ba Shanu: Musun Madugan Ƙwallo A Kafanchan

   Yau wata magana zan yi wadda na san ba za ta yi wa abokaina da yawa daɗi ba, amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata.

Jama'a, musun ƙwallo ya yi mana yawa a garin nan, kuma musu ne na shiga sharo ba shanu. Fiye da shekara 15 ke nan samarinmu suna ta da jijiyar wuya a kan Messi da Ronaldo, a gidan kallo, a teburin mai shayi, a bakin shago, har a wurin zaman makoki sai ka ji wasu suna raɗa a kai. Ba mu gama da wannan ba sai ga sabon salo ya shigo. Tun da waya da data suka wadata, kuma manhajojin caca suka fara jera wasannin Amurka, wasu daga cikinmu sun koma bin ƙwallon zari-ruga irin ta Amurkawa, wato gasar NFL. Wasan ƙarshe da suke kira Super Bowl yana farawa ne da misalin ƙarfe 12:30 na dare agogon Najeriya, amma akwai masu raba dare a kansa, gari ya waye su fito kasuwa ido jajir suna musun wai tsakanin Tom Brady da Patrick Mahomes wa ya fi. Mutum bai taɓa riƙe irin ƙwallon nan a hannunsa ba, amma a shirye yake ya ɓata da ɗan uwansa a kanta. Wai cin danƙo har da su kaza!

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ni ma ina kallo, kuma ina jin daɗin wasan. Abin da nake faɗa da shi daban ne: mun ɗauko ɓawon mun yar da ƙwayar. Akwai darasi babba a cikin gasar nan ta Amurka wanda ya shafi garinmu kai tsaye, amma musun "wa ya fi" ya rufe mana ido.

Saboda iyayenmu da yayyenmu da ba su san wasan ba, bari in ɗan yi bayani. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, da hannu ake jifa ko a ruga da ita. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta samu a ƙara mata wasu huɗu, har ta kai gidan abokan hamayya. Akwai mutum ɗaya da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowace dama, shi ke faɗin dabarar da za a bi, shi ke zaɓen wanda zai jefa wa. Shi suke kira kwatabak. Ni kuwa ɗan fatake ne, don haka madugu nake ce masa, domin aikinsu ɗaya da madugun ayari. A gabansa akwai ƙarti biyar waɗanda ba ruwansu da cin ƙwallo, aikinsu kawai su tare masa mutane kada a murƙushe shi. Ba a buga hotonsu a riga, ba a musu a kansu a wurin mai shayi.

To, mu duba hujjojin masu musu. Masu goyon bayan Brady suna cewa ya ci Super Bowl sau 7, shida da New England Patriots, ɗaya da Tampa Bay, kafin ya yi ritaya a 2023, alhali a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar 2000 sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a waiwaye shi. Masu goyon bayan Mahomes suna cewa ya ci sau 3 da Kansas City, a 2020 da 2023 da 2024, tun bai cika shekara 30 ba, kuma yana jifa ta kusurwoyin da Brady bai taɓa mafarki ba. Duk gaskiya ne. Amma ina da tambaya. A watan Fabrairun 2021 mutanen nan biyu sun haɗu a wasan ƙarshe, Tampa Bay ta ci 31 da 9. Shin Mahomes ya manta wasa ne a daren? A'a. Manyan masu tare masa na gefen dama da na hagu duk suna jinya, sai ya kwana yana gudun ceton rai. A Fabrairun 2025 ma haka, Philadelphia ta lallasa su 40 da 22, an kayar da shi ƙasa sau 6 da ƙwallo a hannu. Shi kansa Brady, a Fabrairun 2008 ƙungiyarsa ta zo wasan ƙarshe bayan ta ci wasa 18 a jere ba a doke ta ba, New York Giants ta kayar da shi ƙasa sau 5, ta ci 17 da 14. A cikin masu farautarsa a daren har da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Ga kuma Dan Marino, wanda masana wasan suka yarda yana cikin gwanayen jifa na tarihi, har ya bar wasa bai ɗaga kofin ba ko sau ɗaya.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja sun san wannan tun kafin a haifi Amurkawan nan. Madugu uban tafiya ne, ba musu, amma ayari yana da jagaba, yana da uban dawaki, yana da masu ɗaukar kaya da masu korar jakuna. Madugun da ba shi da ayari matafiyi ne kawai, ɗan fashi ɗaya ya ishe shi. Saboda haka musun wane madugu ya fi, ba tare da duba ayarinsa ba, ɓata yawu ne. Haka yake ga Brady da Mahomes, haka yake ga Messi da Ronaldo.

Yanzu ga abin da ya kamata a ce shi muke tattaunawa. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL. Kowace shekara in za a ɗauki sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓe, wadda ta ci kofi ita ce ta ƙarshe. Tun 1994 aka sa iyaka ga jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, komai kuɗin mai ita ba zai wuce wannan iyaka ba. Kuɗin da gidajen talabijin na ƙasa suke biya kuwa raba shi ake yi daidai wa daida tsakanin su 32. Ku duba fa, wannan a ƙasar da ta fi kowa son jari-hujja ke nan! Sun gane cewa in babban kifi ya cinye ƙanana duka, shi ma yunwa za ta kashe shi, domin ba wanda zai biya kuɗi ya kalli wasan da tun kafin a fara an san wanda zai ci. Ku kwatanta da Jamus, inda Bayern Munich ta ci gasa sau 11 a jere daga 2013 zuwa 2023, ko Ingila inda Manchester City ta ci Firimiya sau 4 a jere daga 2021 zuwa 2024.

Ba cewa nake yi Amurkawa waliyyai ne ba. Wasan nan yana lalata ƙwaƙwalwar 'yan wasa da yawa saboda karo da kai. Kuma mun ga yadda aka yi da Colin Kaepernick, madugun San Francisco, wanda ya riƙa durƙusawa lokacin taken ƙasa a 2016 don nuna ɓacin ransa kan kisan baƙar fata da 'yan sanda ke yi, daga ƙarshen kakar nan ba ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa. Suna da nasu zaluncin. Amma in ka ga abu mai kyau a hannun wani, ɗauka ake yi, ba a tsaya tambayar halinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wani ɗan gari mai suna Green Bay a jihar Wisconsin. A ƙidayar 2020 mutanensa ba su fi dubu 107 da 'yan kai ba. Gari ne mai tsananin sanyi, na ma'aikata da 'yan kasuwa. A 1919 samarin garin suka kafa ƙungiyar ƙwallo, wani kamfanin sarrafa nama ya ba su dala 500 na riguna, daga nan sunan Packers ya samo asali. Da talauci ya so ya kashe ƙungiyar a 1923, sai 'yan kasuwar garin suka ce a sayar wa jama'a hannun jari, dala 5 kowane ɗaya. Sun sake yin haka a 1935 da 1950 da 1997 da 2011 da 2021. Masu hannun jarin sun haura rabin miliyan. Ba a raba musu riba ko sisi, kuma an ƙayyade yawan hannun jarin da mutum ɗaya zai iya riƙewa don kada wani attajiri ya wayi gari ya ce tasa ce, ya kwashe ta ya kai babban birni. In ƙanƙara ta rufe kujerun filin wasa, mutanen gari ake kira su zo da shebur su kwashe. Wannan ɗan gari ya ci gasar ƙasa sau 13, ba birnin da ƙungiyarsa ɗaya ta kai haka, har da su New York da Shikago. Madugai sun zo sun wuce, Bart Starr, Brett Favre, Aaron Rodgers, amma ayarin yana nan, domin na gari ne.

To, 'yan uwa, mu dawo gida. Me Green Bay ta fi Kafanchan da shi a 1919? Garin nan namu mahaɗar jirgin ƙasa ce tun wajajen 1927, inda layin Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya nufi Jos. Jirgin nan shi ya tara Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Tibi a kan mutanen da ke zaune a ƙasar, Fantswam da Kaninkon da Bajju da sauransu. Kakana ma ta dalilinsa ya sauka a nan da ƙullin kayansa. Muna da filin wasa na gari. Muna da yara masu ƙafa, duk wanda ya tsaya a filin firamare da la'asar zai shaida. Amma ku faɗa mini, wace ƙungiya ce ɗaya wadda ɗan Kafanchan, ko wane ne shi, zai buga ƙirji ya ce tamu ce? In ka tambayi yaro ɗan shekara 10 a layinmu, zai lissafa maka 'yan benci na Chelsea kaf, amma bai san sunan gola ko ɗaya na gasar Najeriya ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kuma ba wai jihar nan ba ta da tarihi ba ne. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi ta Afirka a 1988. Kaduna United ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2010, a hannun Enyimba. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, da Najeriya ta doke Ajantina 3 da 2 ta ɗauki zinare, biyu daga cikin ƙwallaye ukun nan 'yan Kaduna ne suka ci, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, kuma a cikin tawagar akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ma 'yan Kaduna. Ku sake karanta sunayen nan huɗu: Kirista biyu, Musulmi biyu, gari ɗaya, riga ɗaya. Maƙwabtanmu na Jos, Mighty Jets ce ta fara cin gasar ƙasa a 1972, Plateau United ta ci a 2017, kuma daga can Mikel Obi da Ahmed Musa suka fito. Iri yana nan, gonar ce ba mai gyarawa.

Matsalar gasarmu ta gida kowa ya san ta. Yawancin manyan ƙungiyoyi na gwamnatocin jihohi ne. In gwamna mai son ƙwallo ne a ci a sha, in ya sauka wani ya hau sai 'yan wasa su yi wata da watanni suna bin bashin albashi. Ƙungiyar da ke jiran sa hannun mutum ɗaya ba ta da bambanci da madugun da ba ayari. Ga kuma halin 'yan kallo. Kano Pillars, wadda ta ci gasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, an zaftare mata maki a 2022 saboda rikici a filin wasa, a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. Mu da muke ihun "sai masu gida" ya kamata mu ji kunyar wannan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. A 2025 ƙungiyar da ta ci gasar Najeriya ita ce Remo Stars, daga Ikenne, wani ɗan gari a jihar Ogun wanda da yawa cikinmu ba za su iya nuna shi a taswira ba. Ba ta gwamnati ba ce, ta wani ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, kuma shi ne shugaban kamfanin caca na Bet9ja. Ya gina fili da makarantar horar da yara a garinsu. Ni ban ga laifinsa ba a kan son garinsu, kowa ya bar gida gida ya bar shi. Tambayata gare mu ce. Ɗari biyu, ɗari biyar, dubu ɗaya da samarinmu ke zubawa a caca kowace Asabar, ko a wane kamfani ne, me ta taɓa ginawa a Kafanchan? Tun annobar da ta cinye citta a 2023 manoman Kachia da Kwoi da na nan yankin suka shiga wani hali, mu 'ya'yan masu sayen citta mun ji a jikinmu, ciniki ya ja baya, amma shagunan caca ba su taɓa rasa layi ba. Na san yaran shago fiye da ɗaya da suka taɓa kuɗin maigida saboda tikiti, aka sallame su ba jari ba mutunci. Addininmu ya haramta caca ƙarara, kuma ban taɓa jin faston da ya yabe ta ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: rabin zafin musun nan ba son wasa ba ne, zafin tikitin da ya tsinke ne. Wanda ya kwana kallon Mahomes bai san dokar wasan ba, ba madugu yake so ba, kuɗinsa yake bi.

Yanzu zan taɓo inda ke da ƙaiƙayi. A Amurka musun madugu ba a kan jifa kaɗai ya tsaya ba. Shekaru masu yawa masu ƙungiyoyi suna ganin baƙar fata ya iya gudu, ya iya karo, amma wai ba shi da kan da zai ja ragama. Warren Moon ya gama jami'a a 1978 yana gwani, ba ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi, sai da ya tafi Kanada ya ci kofinsu sau 5 a jere da Edmonton, sannan Houston ta ɗauke shi a 1984. Sai a Janairun 1988 baƙar fata na farko, Doug Williams, ya ja Washington ta ci Super Bowl, 42 da 10 a kan Denver. Ko a 2018 akwai masana da suka ce Lamar Jackson ya haƙura da zama madugu ya koma mai cafe jifa, sai ga shi ya zama gwarzon gasa a 2019 da 2023. Sai a Fabrairun 2023 aka fara ganin madugai biyu baƙar fata sun kara a wasan ƙarshe, Mahomes da Jalen Hurts. Ku lissafa gwanaye nawa aka yi asara a tsakani, saboda kawai an duba fata ba a duba hannu ba.

Mu a nan wannan ciwo ba baƙo ba ne a wurinmu. An haife ka a Kafanchan, an haifi ubanka a Kafanchan, kabarin kakanka yana nan, amma ranar da ake rabon wani abu sai a tuna maka kai baƙo ne. Yana da zafi, na sani, na ɗanɗana. Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, mu ma mu duba namu. Ƙungiyoyin unguwanninmu fa? Yaro nawa daga Takau ko Katsit ko Aduwan muke gayyata su buga mana? In an gayyato ɗaya don ya iya, muna yarda a ɗaura masa ƙyallen kyaftin? Ko kuwa kyaftin kullum ɗan wanda ya sayi riguna ne? Su ma can haka suke yi, ƙungiyarsu tasu ce zalla. Kowa ya koma lungunsa yana buga wa kansa, ranar da aka haɗu kuwa ba wasa ake yi ba, yaƙi ne da takalmin ƙwallo, sai an kira 'yan sanda. Wanda ke kukan an hana shi jan ragama saboda asalinsa, bai kamata a same shi yana hana wani saboda sunansa Bulus ko Yohanna ba.

Garin nan ya sha wuya, ba sai na tuna wa kowa ba. Maris 1987, da 1999, da Afrilun 2011 lokacin da kasuwa ta ƙone, ba gidan da bai da labari, ta kowane ɓangare. A 2016 wakilan al'ummomin yankin nan suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da aka raɗa wa sunan Kafanchan. Madalla da wannan. Amma takarda manya ke sa wa hannu, samari kuwa su ke riƙe dutse. Ina samarin suke haɗuwa? Makarantu sun rabu, unguwanni sun rabu. In ka cire kasuwa da tasha, wuri ɗaya da na sani inda Sani da Sunday suke zama benci ɗaya su rungume juna don murna shi ne gidan kallo, ranar da Arsenal ta ci. Wato ƙungiyar Landan ta iya haɗa mu na minti 90, amma mu mun kasa ƙirƙiro abu namu da zai haɗa mu. Wannan ba abin kunya ba ne?

Ga shawarata, kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. A kafa ƙungiya ɗaya da sunan gari, ba sunan unguwa ba, ba sunan ƙabila ba, ba sunan ɗan siyasa ba. A sayar da hannun jari ga kowa, mai shago da mai acaba da malamin makaranta da mai tuyar ƙosai. In mutum 5,000 suka ba da naira 2,000 kowanne, naira miliyan 10 ke nan, kuma da yawa cikinmu suna ƙona fiye da haka a wata ɗaya tsakanin data da tikiti. A sa doka irin ta Green Bay: ba riba, kuma ba mai riƙe kason da zai sa ya zama mai ita. Kwamiti ya ƙunshi kowane ɓangare na gari, a riƙa liƙa lissafin shiga da fita a bainar jama'a kowane wata, domin abin da ke kashe ƙungiyoyinmu ma'aji ne da ba ya son tambaya. Koci ya zaɓi 'yan wasa da kyaftin da ƙafarsu, ba da sunansu ba. Kada a sa wasa lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi. Kada a buga tallan caca a ƙirjin riga. A fara daga ƙasa, gasar jiha da rukunin 'yan dagaji na ƙasa, in Allah Ya yarda a hau a hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce ƙwallo ba ta hana rikici. Haka ne, ƙwallo ba za ta raba gardamar gona ko sarauta ba, ba kuma za ta kori 'yan bindiga daga daji ba. Ita kanta takan jawo fitina, ba mu manta ba a 2009 bayan Barcelona ta doke Manchester United wani ya afka wa masu murna da mota a jihar Ribas, mutum 4 suka rasu, a kan ƙungiyoyin da ba su san da zamansu ba. Amma yaron da kuka yi shekara uku kuna atisaye tare, ka san mahaifiyarsa, ka sha ruwa a gidansu, da wuya wani ya zo da jita-jita cikin dare ya sa ka ɗaga masa hannu. Ko wannan kaɗai aka samu an ci riba. Wasu kuma za su ce aikin gwamnati ne. To mun ga yadda na gwamnatin suke. Wasu za su ce ai ana yin gasa a garin nan. Wace gasa? Wadda ɗan takara ke sawa wata uku kafin zaɓe, a buga hotonsa a riga, a ba da kofin roba da ambulan, bayan zaɓe ko lambarsa ba ta shiga? Wannan ba gasa ba ce, kamfe ne.

Iyayenmu Alhazan kasuwa, Allah Ya ƙara muku lafiya da buɗi, da girmamawa nake magana. Kun gina masallatai, kun aurar da marayu, Allah Ya saka. Na san da yawanku kuna ganin ƙwallo shiririta ce. Amma ranku ya daɗe, yaranku suna cikinta ko kun so ko ba ku so ba, zaɓin da ya rage shi ne a fili za su yi ta a gaban idonku, ko a shagon caca a bayan idonku. Kuma ku kuka fi kowa sanin cewa in gari ya hargitse, shagonku ne farkon ƙonewa. Mu da ake kira baƙi, ba hujjar zama 'yan gari da ta fi a ga hannunmu a cikin abin da gari duka zai yi alfahari da shi. Ku kira takwarorinku na ɗaya ɓangaren, waɗanda kuke ciniki da su shekara 30, ku zauna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma abokaina samari, ba na ce ku daina kallo ba. Ku kalli Mahomes, ku kalli Firimiya, ku yi ihu. Amma in an tashi musu, a ce da ku wa ya fi, ku tambayi mai tambayar: ina namu ayarin? Brady ya yi ritaya da dukiyarsa, Messi ya ɗaga kofin duniya a 2022, ba ɗayansu da zai zo jana'izar wani a cikinmu. Wanda zai zo shi ne wannan da kuka zagi juna jiya saboda su.

Wanda maganata ta ɓata wa rai ya yi haƙuri, don Allah na faɗa. Allah Ya zaunar da Kafanchan da kudancin Kaduna lafiya, Ya shirya mana zuri'a, Ya raba samarinmu da caca, Ya haɗa kanmu da maƙwabtanmu a kan alheri. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum. Naku a kullum, ɗan kasuwar Kafanchan.